Yadda Ake Zubin Ƙananan Gumakan Tagulla a Swamimalai, Daga Kakin Zuma Zuwa Ƙarfe

Duk wanda ya taso yana kallon finafinan Indiya ya sha ganin wani ɗan lungu a cikin gida inda aka jera ƙananan mutum-mutumi na tagulla a kan kanta, ga fitilar mai tana ci, ga furanni an zuba a gabansu. Mabiya addinin Hindu suna kiran irin wannan siffa murti, mu kuwa gunki muke cewa. Ni ba mai bauta musu ba ne, kuma ban ɗauki alƙalami don koyar da ibadar kowa ba. Aikin hannun da ke jikinsu ne ya ja hankalina, domin hanyar da ake bi a zuba su ita ce dai maƙerin fari zai bi idan yana son zuba ƙararrawa, ko kan takobi, ko kwalliyar linzami. Ana gina siffar da kakin zuma, a lulluɓe ta da yumɓu, a narkar da kakin ya fice, sannan a tsiyaya narkakken ƙarfe a gurbin da ya bari. Da wannan hanya aka yi kayan Igbo-Ukwu da kawunan Ife da kayan fadar Benin, da ita Asante na ƙasar Gana suka zuba ma'aunan zinariyarsu, kuma da ita aka zuba 'yar siffar wata yarinya ta Mohenjo-daro, tsohon birnin da ke Pakistan ta yau, wadda ba ta wuce santimita 11 ba, kimanin shekara 4000 da suka shige.

Na zaɓi Swamimalai ne saboda a can aikin ya fi tsari, kuma kowane mataki yana da dalilinsa. Ƙaramin gari ne kusa da Kumbakonam a gundumar Thanjavur ta jihar Tamil Nadu, a gaɓar kogin Kaveri. Maƙeran garin, waɗanda ake kira sthapati, gadon sana'ar suka yi kaka da kakanni, suna kuma danganta kansu da ma'aikatan da suka yi wa sarki Rajaraja na ɗaya na daular Chola aikin babban haikalin Thanjavur, wanda aka kammala a shekarar 1010. Su ne suka zuba katafaren Nataraja, wato siffar abin bautarsu Shiva yana rawa, mai tsayin ƙafa 27 da aka girke a Delhi lokacin taron G20 na 2023. A nan kuwa ƙaramin gunki za mu bi, mai tsayin santimita 15 zuwa 18, irin wanda ake ajiyewa a gida. Irin wannan cikakke ake zuba shi, babu rami a cikinsa, shi ya sa ya fi sauƙin koyo a kan manyan da ake yi wa cikin yumɓu.

Awo kafin a taɓa kaki

Sthapati ba ya fara aiki da abin da ya zo masa a rai. Kowane abin bauta yana da baitin da aka haddace, wanda ya fayyace yawan hannuwansa, da abin da kowane hannu ke riƙe da shi, da yadda zai tsaya ko ya zauna. Ma'aunin jiki kuma yana cikin littattafan sana'ar da ake kira Shilpa Shastra. Tushen awon shi ne tala, wato tsawon fuskar siffar daga matsirar gashi zuwa haɓa, ana kuma raba kowane tala gida 12, kowane gida sunansa angula. Ana yi wa Shiva da Vishnu da Brahma awo mafi girma, angula 124. Wasu ana yi musu tala tara, wato angula 108. Ganesha mai kan giwa kuwa, da yake gajere ne mai tumbi, tala biyar ake ba shi.

Ga yadda za a yi a aikace. A samo tsinken ganyen kwakwa guda ɗaya, a yanka shi daidai tsayin da ake son siffar ta kai, ban da kambi da gindin da za ta tsaya a kai. Idan babu ganyen kwakwa, kaba ma za ta yi. A ninka ganyen ana karya shi kaɗan-kaɗan har alamun su raba shi zuwa adadin talan da ake buƙata. Idan siffa mai tala tara ce kuma tsayinta santimita 18, kowane tala ya zama santimita 2 ke nan. Fuska ta ɗauki ɗaya. Daga gindin wuya zuwa ƙirji ɗaya, ƙirji zuwa cibiya ɗaya, cibiya zuwa mara ɗaya. Cinya biyu, ƙauri biyu. Ragowar ɗayan kuma wuya da gwiwa da tsayin ƙafa su raba. Wannan ganye shi ne zai zama abokin aiki har ƙarshe, ana ɗora shi a jikin kakin a kai a kai, ana kuma tsoma shi a ruwa don kada ya bushe ya tsuke. Ina ganin wannan dabara ta fi rula amfani, domin da zarar an sauya girman aiki sai a yanki sabon ganye, lissafin ya sake fitowa da kansa.

Haɗin kaki

Kakin zuma zalla bai dace da aikin ba, domin yana da laushi, kuma yana fara narkewa tun zafi bai wuce digiri 63 ba. A Swamimalai ana haɗa shi da ƙaron itace da suke kira kungilium, kusan kai ɗaya da kakin, sai a ƙara man gyaɗa kaɗan. Ƙaron yana ba shi ƙarfi ya riƙe zane, man kuma yana hana shi tsagewa. Dole ƙaron ya zama irin wanda ke narkewa a wuta, kamar ƙaron da ake turare da shi. Ƙaron da ke narkewa a ruwa, irin na haɗa tawada, ba ya haɗuwa da kaki ko an kwana ana juyawa. A daka ƙaron ya yi gari, a narka shi tare da man a kan wuta marar ƙarfi, sannan a zuba kakin ana motsawa a hankali har su zama abu ɗaya. A tace da ƙyalle mai laushi zuwa cikin kwano mai ruwan sanyi, domin duk tsinke ko ƙafar ƙudan zuma da ta saura a ciki za ta koma toka a cikin mazubi, wato ɓawon yumɓun da za a zuba ƙarfen a ciki, ta bar tabo a jikin ƙarfen.

Kafin a ci gaba, a gwada haɗin. A ɗumama ɗan guntu, a murza shi a tafin hannu ya zama kamar igiya, a lanƙwasa. Idan ya karye, mai ya yi kaɗan. Idan ya manne a yatsu ko ya kasa tsayawa, ƙaro ne ya gaza. Yanayi ma yana da ta cewa a nan: haɗin da ya yi daidai a hunturu zai saki jiki a bazara, saboda haka a ajiye roba cike da ruwa a gefe, duk lokacin da aka ɗan dakata da aiki a tsoma siffar a ciki, kamar yadda maƙeran can suke yi.

Gina siffar

Wannan shi ne matakin da ya cancanci a ba shi mafi yawan lokaci, domin ƙarfe ba ya ƙara kome daga kansa. Abin da kaki ya faɗa shi zai maimaita, har da sawun farce. Kayan aikin ba su da yawa: kasko mai garwashi a gefen hagu, 'yan sanduna da aka fere bakinsu ya zama wani mai faɗi wani mai tsini, da siririn ƙarfe mai kama da wuƙa wanda ake ɗorawa a garwashi. Ana gina gangar jiki da kai tukuna, a auna da ganye, sannan a murza hannuwa da ƙafafu daban. Idan za a haɗa gaɓa da jiki, sai a ɗauko ƙarfen nan mai zafi a shafa a fuskokin biyu har su yi ƙyalli, a manna su nan take, a bi bakin mahaɗar da shi har alamar ta ɓace. Mahaɗar da aka manna a sanyaye takan rabu a ƙarƙashin nauyin yumɓu, ba kuwa za a sani ba sai an fasa mazubi an tarar da hannu ya goce daga kafaɗa.

Tsayuwar jiki ita ake daidaitawa kafin ado. Akwai tsayuwa miƙe sak, akwai mai ɗan karkata, akwai kuma wadda ake kira tribhanga, inda jiki ke lanƙwasa a wuri uku, wuya da ƙugu da gwiwa, nauyi ya koma kan ƙafa ɗaya. Ana lanƙwasa kakin ne yana da ɗumi, a riƙa juya siffar ana dubanta ta gaba da baya da gefe, domin gunkin kudancin Indiya ana gama bayansa kamar yadda ake gama gabansa.

Daga nan sai hannuwa da abin da suke riƙe da shi, kuma a nan kuskure ba shi da gyara a idon mai saye. Vishnu ana gane shi da ƙahon katantanwar teku da faifan yaƙi a hannuwansa na sama. Lakshmi tana riƙe da furen bado. Ganesha yana da haure ɗaya karyayye, da ɗan dunƙulen alawa a hannu wanda hancinsa ke miƙawa gare shi, sau da yawa da ɓera a gindinsa. Nataraja, wato Shiva yana rawa, shi ne mafi wuya: hannun dama na sama yana riƙe da ɗan ganga mai siffar kalangu, na hagu na sama yana ɗauke da harshen wuta, na dama na ƙasa a buɗe yana nuna tafi alamar kada a ji tsoro, na hagu na ƙasa ya ratsa ƙirji yana nuni ga ƙafar da aka ɗaga, ɗaya ƙafar kuma tana take da wani wada, duka a cikin da'irar harsunan wuta. Shawarata ga mai koyo ita ce kada ya fara da irin wannan, domin siraran gashin da suka baje da harsunan wutar suna buƙatar ƙwarewa wajen kai musu ƙarfe. Siffa mai dunƙulallen jiki, ko kuma ƙararrawa ga wanda ba ya son yin siffar mai rai, ita ta fi dacewa da gwajin farko.

Sarƙoƙi da mundaye da kambi da ninkin zane ana yin su da siraran zaren kaki da 'yan ƙwallaye, a ɗora a danna da sanda. Gindin da siffar za ta tsaya a kai, wanda akasari ke da fasalin furen bado, daban ake gina shi kuma daban ake zuba shi, daga baya a haɗa.

Magudanai da lissafin ƙarfe

Idan siffa ta kammala, sai a yi wa ƙarfe hanyar shiga. A murza sandar kaki mai kauri kamar babban yatsa a manna a bayan siffar ko ƙarƙashinta, a buɗa bakinta kamar mazurari. Daga ita a ja ƙananan sanduna zuwa duk wani sashe da ya yi nisa da jiki, kamar hannun da aka miƙa ko tsinin kambi, a kuma haɗa hannu da hannu da ɗan guntun kaki idan akwai tazara a tsakaninsu. Waɗannan sanduna suna yin aiki biyu: suna tallafe kakin kada ya motsa, sannan idan ya narke su zama magudanan da ƙarfe zai bi. A bar siririyar hanya ɗaya ko biyu da za ta fito kusa da bakin mazurari domin iska ta sami mafita, in ba haka ba za ta taru a wani lungu ta hana ƙarfe isa.

Yanzu a ɗora siffar da magudananta duka a kan sikeli. Tagulla ta fi kaki nauyi fiye da sau takwas, saboda haka a ninka nauyin sau goma don a sami rara. Kakin giram 120 yana buƙatar a narka kilo 1.2. A rubuta wannan adadi a ajiye, domin bayan an rufe da yumɓu babu sauran damar awo, kuma ƙarfen da ya ƙare a tsakiyar zubi ba a iya cike shi da na biyu.

Yumɓu

Abin da ya riƙe wannan sana'a a Swamimalai shi ne lakar da kogin Kaveri ke ajiyewa a gaɓarsa, wadda suke kira vandal. Tana da laushin da za ta ɗauki sawun yatsa, kuma ba ta saurin tsagewa a wuta. Wanda ba ya kusa da Kaveri zai nemi lakar bakin kogi ko ta fadama mafi laushi, ya shanya, ya daka, ya tankaɗe da rariyar ƙyalle, ya kwaɓa ta da ɗan garin gawayi ko ƙonannen ɓuntun shinkafa da tataccen ruwan kashin shanu. Waɗannan abubuwa suna ƙonewa a wuta su bar ƙofofi ƙanana waɗanda ido ba ya gani, ta nan tururi da iska ke fita.

Shafin farko shi ne fuskar aikin gaba ɗaya, don haka a yi shi da natsuwa. A kwantar da siffar a kan ƙyalle da aka shimfiɗa bisa yashi mai laushi, a kwaɓa lakar ta yi ruwa-ruwa kamar kunu mai kauri, a riƙa ɗiba da yatsa ko gashin kaza ana turawa cikin kowane lungu: tsakanin yatsu, ƙarƙashin haɓa, cikin ramukan kambi. Duk kumfar iska da ta maƙale a jikin kaki za ta fito a matsayin ƙurjin ƙarfe. Kaurin wannan shafi kada ya wuce milimita uku. A bar rabin da aka shafa ya bushe a inuwa, a juya, a yi ɗaya rabin. Bayan ya bushe sarai sai a yi shafi na biyu da yumɓu mai haɗe da yashi, wanda ya fi kauri, a ɗaure shi da siririyar waya ta ƙarfe a kewaye, sannan a rufe wayar da shafi na uku. A ƙarshe abin zai koma dunƙulen ƙasa marar fasali, bakin mazurari kaɗai ke leƙowa. Wannan dunƙule shi suke kira karu.

Bushewa ba ta son gaggawa, kuma ni kaina na ɗanɗana kuɗar hakan. Lokacin da na fara gwada zubin wata ƙaramar ƙararrawa a maƙerar wani dattijo, na yi shafi na biyu a kan na farko tun bai gama shan iska ba, saboda na ga bayansa ya yi fari. Dattijon ya ɗauki mazubin ya kara a kumatunsa, ya ce, “Malam, wannan da sauran sanyi a cikinsa, ka ba shi kwana uku.” Na ce, “Baba, ai ya bushe,” na sa shi a wuta. Ba a jima ba muka ji ƙara kamar an taka busasshen kara, tsaga ta ratsa shi daga baki har gindi, aikin mako guda ya tafi. Tun daga ranar nake bin gwajinsa: mazubin da ke da sanyi a kumatu bai bushe ba, ko da launinsa ya ce ya bushe. A fara da inuwa domin kada rana ta narkar da kakin da wuri, sai shafi na ƙarshe ya yi ƙwari sannan a fitar da shi rana na wasu kwanaki.

Fitar da kaki da gasa mazubi

A jingine mazubin a kan duwatsu bakinsa yana kallon ƙasa, a ajiye kwano mai ruwa a ƙarƙashi, a kewaye shi da busasshen kashin shanu a kunna. Ana son wannan makamashi ne saboda wutarsa a hankali take ci kuma zafinta bai ɗaya ne. Kakin zai fara ɗiga, sannan ya zubo; abin da aka tara ana iya tace shi a sake amfani da shi. Idan ɗigar ta tsaya, a ƙara wuta da gawayi a ci gaba da gashi har hayaƙi da warin kaki su daina fita daga bakin, yumɓun kuma ya yi ja kamar tukunyar da aka gasa. Ragowar kaki ko danshi a ciki shi ne ke sa ƙarfe ya yi tsalle ya dawo waje, kuma wannan haɗari ne ga fuska da ido. Dole gashin mazubi da narkar da ƙarfe su tafi tare, ta yadda za a yi zubi mazubin yana da zafi.

Narki da zubi

Haɗin da ake girmamawa a kudancin Indiya sunansa panchaloha, ma'ana ƙarfe biyar; a arewa kuma akwai ashtadhatu mai ƙarfe takwas. A aikin yau jan ƙarfe ne mafi rinjaye nesa ba kusa ba, sai tagulla mai ruwan ɗorawa wadda ke ɗauke da tutiya, sai dalma kaɗan, zinariya da azurfa kuwa ɗan abin da mai aikin ya kawo ne don neman albarka a bisa imaninsa. Dalmar da ake nufi ita ce mai nauyin nan, ba alminiyom ɗin da masu zubin tukwane ke kira dalma ba. Amfaninta shi ne ta sa ƙarfen ya gudana cikin sauƙi ya kuma yi taushi a bakin kurfi, wato ƙarfen sassaƙa. Sai dai guba ce, don haka kada a sa ta a duk abin da zai taɓa abinci ko bakin yaro.

Jan ƙarfe ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 1085, alminiyom kuwa a 660 yake narkewa, saboda haka murhun da ya saba da tukwane zai buƙaci ƙarin gawayi da iska mai ƙarfi, ko ta zugazugi ko ta injin hura wuta. A haƙa murhun a ƙasa, a zaunar da tukunyar narki a tsakiyar gawayi, a fara da jan ƙarfe, idan ya narke a ƙara tagullar, dalma kuma ta zo daga ƙarshe dab da zubi. Kowane guntu a ɗumama shi a bakin murhu kafin a jefa, kuma kada a taɓa jefa bututun da bakinsa ke toshe. Tutiya tana tafasa a digiri 907, tana fitar da farin hayaƙi mai sa zazzaɓi da ciwon ƙirji, saboda haka a yi aikin a fili, a tsaya ta inda iska ke fitowa. A sa takalmin fata rufaffe da tufafin auduga da tabarau na kariya, kuma a yi zubi a kan busasshen yashi, domin siminti yana fashewa idan narkakken ƙarfe ya zuba a kansa.

Idan ƙarfen ya yi ruwa sosai, samansa yana juyawa kamar madubi, a kwashe dattin da ya taso. A ɗauko mazubi da awartaki, a binne shi a rami bakinsa a sama, a danna ƙasa a kewayensa don ta tallafe shi. Mutum biyu ake so: ɗaya ya karkata tukunyar, ɗaya ya tare sauran datti da sanda a bakinta. A zuba a miƙe, ba tare da yankewa ko daƙiƙa ɗaya ba, har ƙarfe ya cika mazurari ya kuma leƙo ta hanyoyin iska. Zubin da aka katse yakan bar layi a jikin siffar inda ƙarfen farko ya fara daskarewa kafin na biyu ya iso. Daga nan a ƙyale shi a cikin ramin ya kwana. Kada a zuba masa ruwa.

Fasa mazubi da gyara

Washegari a tono shi, a warware wayar, a riƙa bugun yumɓun a hankali da ƙaramar guduma har ya zube. Abin da zai fito baƙi ne mai kaushi, da magudanai sun yi masa cirko-cirko, kuma mai koyo yakan karaya a wannan lokaci, alhali haka kowane zubi yake fitowa. Mazubin ya tafi ke nan har abada, shi ya sa ba a samun gumaka biyu na wannan hanya da suka yi daidai da juna ta kowace fuska. A yanke magudanan da zarto, a goge gurbinsu da magagari, a sakace yumɓun da ya maƙale a lunguna da tsinken ƙarfe. Ƙananan ramukan da iska ta bari ana toshe su da guntun ƙarfe iri ɗaya, a daddage shi ya zauna, a goge.

Sassaƙar ƙarshe takan ɗauki kwanaki fiye da zubin kansa. Ana amfani da kurfi iri-iri, wasu bakinsu bai fi na allura ba, a bi sarƙoƙi da yatsu da gashin kai ana fito da su, sannan a kankare jiki ya yi santsi. Ra'ayina shi ne duk abin da za a iya gamawa a kaki a gama shi a can, domin layin da aka ja a kaki yana da taushi irin na fata, wanda aka sassaƙa a ƙarfe kuwa yakan fito da kaifi. Bayan haka a goge da takardar yashi daga mai kaushi zuwa mai laushi, a wanke da ruwan tsamiya ana dirzawa da burushi, a ɗauraye da ruwa mai yawa, a shanya sosai. Kada a sa gishiri a ruwan wankin, domin gishiri ne ke haddasa koren garin nan mai cin tagulla daga ciki. A ƙarshe a zaunar da siffar a gindinta a daddage.

Wanda ya san waɗannan matakai zai iya bambance aikin kaki da na yashi idan ya riƙe gunki a hannu. Yawancin masu arha da ke cika kasuwa daga garuruwa irin su Aligarh da Moradabad na jihar Uttar Pradesh suke fitowa, inda ake danna samfuri ɗaya a cikin yashi a zuba ɗaruruwa. Ana ganin layin mahaɗa a gefensu ko gurbin da aka goge shi, tsakanin hannu da jiki a cike yake, bayansu kuma ba shi da aiki. Mai sha'awar sayen tsoho kuma ya sani cewa dokar Indiya ta 1972 ta hana fitar da kayan tarihin da suka kai shekara 100 daga ƙasar, kuma ana bin sawun waɗanda aka sace: a 2014 Ostareliya ta mayar da Natarajan da aka ɗauke daga haikalin ƙauyen Sripuranthan. Sabon aiki da aka yi wa launin tsufa ya fi aminci idan yana tare da takardar shaidar cewa ba kayan tarihi ba ne.

Abu ɗaya ne sthapati yake bari har sai kome ya kammala, wato ƙwayar ido. Idan gunkin na bauta ne, ana zaɓar rana da sa'a, a yi bikin da ake kira buɗe ido, inda ake zana ƙwayar da allura ko ɗan kurfi na zinariya, domin a wurin masu wannan addini daga lokacin ne siffar ta tashi daga matsayin ƙarfe. Bayan haka za ta shiga hidimar yau da kullum a gidan mai ita: wanka da ruwa da madara, shafa garin sandal, gogewa da tsamiya ko toka. Shekara da shekaru na wannan shafa suna cinye ƙarfen a hankali, shi ya sa ƙananan gumakan gida da suka daɗe ake ganin hancinsu ya lafe, fuskarsu ta yi sumul kamar tsohon kwabo. Idan abin ya kai haka, iyalin sukan mayar da shi wurin maƙeri ya sake zana masa idanu da gira, kuma mai lura zai gane sabon layin kurfin a kan tsohuwar fuskar.